Daren Alƙahira Daga Kan Ruwa

   

Yau shirin namu ƙasar Masar zai kai mu, birnin Alƙahira. Ba asibiti za mu ba, ba kuma jami'ar Azhar ba. Bakin kogi za mu, kogin Nilu, da daddare.

Ga dalili. Mutanenmu na yawan zuwa Alƙahira. Wani ya kai mahaifiyarsa ganin likita. Wani ɗansa ne ke karatu a Azhar. Wani fatauci ya kai shi. Wani kuwa zango ya yada a kan hanyar Umara. Hanyar ma ba sabuwa ba ce. Tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka tanadar wa ɗalibansu da alhazansu masauki a birnin. Mansa Musa na Mali ma ta nan ya bi zuwa Hajji a 1324.

To, duk baƙon da ya kwana biyu a Alƙahira, da wuya a rasa wanda zai tare shi da wani tayi. Ko direban tasi, ko ma'aikacin otal, ko wani saurayi a bakin titi da takarda mai hotuna a hannu. Zai ce: "Ya Hajji, ka ga Nilu da dare? Ga jirgi, ga abinci, ga kiɗa, duk kuɗi ɗaya."

Alhaji ya dubi Hajiya. Hajiya ta dubi yara. Yara kuwa tuni sun fara tsalle: "Baba, mu je! Baba, don Allah!" Shi ke nan, hannu ya tafi aljihu.

Dakata, Alhaji. Mayar da hannun tukuna. Tambaya kafin biya. Ku riƙe wannan, don za ku sake jin ta a bakina: tambaya kafin biya.

Da farko zan faɗa muku yadda abin yake. Sannan mu leƙa abin da ido zai gani. Daga nan abinci da wasa, sai kuɗi, sai maganar tsaron rai. Mu fara.

Kashi na farko: wane jirgi?

Jiragen da ke ɗaukar masu shaƙatawa a Alƙahira ba iri ɗaya ba ne. Wanda aka fi tallatawa shi ne babban jirgi mai bene biyu ko uku. Zauren biki ne aka ɗora a kan ruwa. Akwai tebura da kujeru, akwai na'urar sanyaya ɗaki, akwai dandamali a tsakiya. Yakan tashi bayan faɗuwar rana, wajen ƙarfe 7 ko 8. Yakan yi kamar awa 2 a ruwa, ya juyo ya sauke ku inda ya ɗauke ku. Wasu jiragen suna yin sahu na biyu, wajen ƙarfe 10 na dare.

Akwai kuma jirgin da sunansa jirgi, amma ba ya zuwa ko'ina. A ɗaure yake a bakin ruwa shekara da shekaru, musamman a gefen unguwar Zamalek. Gidan abinci ne kawai. Ba laifi ba ne, wasunsu ma girkinsu ya fi na masu tafiya. Amma in yawo kake so, ka tambaya a fili: jirgin nan yana tashi, ko a tsaye yake?

Sai faluka. Faluka ƙaramin jirgin katako ne, ba inji. Babban ƙyalle ne ake ɗagawa a kan doguwar sanda, iska ta tura. Ana hayarsa da awa, kai da iyalinka kaɗai. Ba kiɗa, ba hayaniya, ba abinci sai wanda kuka riƙo.

Ku ji hikimar faluka. Ruwan Nilu daga kudu yake gangarowa zuwa arewa. Iskar Masar kuwa, mafi yawan shekara, daga arewa take busowa zuwa kudu. Mai zuwa kudu sai ya ɗaga ƙyalle, iska ta kai shi. Mai dawowa arewa sai ruwa ya kawo shi. Tun zamanin Fir'aunoni haka ake safara a kogin nan, ba fetur, ba gas.

Idan za ku tambayi ra'ayina, mai iyali da ke son natsuwa ya ɗauki faluka da la'asar sakaliya, ya ga faɗuwar rana, ya sauko ya ci abinci a gari. Amma tunda babban jirgin ne aka fi kai baƙi, shi za mu bi yau.

Kashi na biyu: abin da ido zai gani. A nan zan ɗan daɗe, don nan ne kuɗinka yake.

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne wannan. Mutum ya shiga zaure, ya zauna, ya ci, ya kalli wasa, jirgi ya dawo, ya sauka. A tambaye shi, me ka gani a Nilu? Sai ya ce, wallahi shinkafar ta yi daɗi. Ciki da haske, waje da duhu, don haka gilashin taga fuskarka kawai zai nuna maka. Shinkafa kuwa akwai ta a gida.

Saboda haka, tashi ka hau sama. Mafi yawan jiragen nan suna da buɗaɗɗen bene a can ƙoli. Hau sama ka ga kogi.

Ruwan da ke ƙarƙashinka ya yi doguwar tafiya. Tsawon Nilu ya kai kimanin kilomita 6,650. Reshe ɗaya, Farin Nilu, ya fito daga yankin tafkin Biktoriya. Ɗayan, Shuɗin Nilu, ya fito daga tafkin Tana na ƙasar Habasha. A Khartum suka haɗu. 'Yan'uwanmu Hausawan Sudan sun san wurin sarai, Mugran ake ce masa. Daga nan ruwan ya ratsa hamada, ya wuce Aswan, ya iso Alƙahira. Ya ɗan wuce birnin kaɗan, sai ya rabu biyu, ya faɗa tekun Bahar Rum.

Mutanen Masar sun haura miliyan 100. Kusan kashi 95 cikin 100 a gefen kogin nan suke zaune. Sauran ƙasar, galibi rairayi ne da duwatsu. Ruwan sha daga nan, ruwan noma daga nan. Shi ya sa duk lokacin da kuka ji a labarai ana tayar da jijiyar wuya tsakanin Masar da Habasha kan babbar madatsar da Habasha ta fara ginawa a 2011, to maganar wannan ruwan ake yi.

Yanzu ɗaga kai. Kowane jirgi da hanyarsa, gwargwadon inda ya tashi. Wani daga Ma'adi, wani daga Giza, wani daga tsakiyar gari. Amma akwai abubuwan da akan gani.

Ga wata doguwar hasumiya a kan tsibirin Jazira, an yi mata ado da fitilu. Ita ce Hasumiyar Alƙahira. Tsawonta mita 187. An gama ta a 1961, zamanin Shugaba Jamal Abdul Nasir. A gefenta akwai gidan wasannin gargajiya da waƙe-waƙe da ƙasar Japan ta taimaka aka gina, aka buɗe a 1988.

Ga gadar Ƙasrun Nil, wadda ta haɗa Dandalin Tahrir da tsibirin. An buɗe ta a 1933. Zakuna 4 na tagulla ke gadinta, biyu a kowane baki. Da daddare za ka ga gadar cike da mutane, iyalai da samari, kowa ya jingina da ƙarfe yana shan iska. Su suna kallon jirginku, ku kuna kallonsu. Su kuwa ko sisi ba su biya ba.

Gaba kaɗan, ga gadar 6 ga Oktoba, mai sunan ranar da aka fara yaƙin 1973. Ba kogi kaɗai ta tsallake ba. Ta bi ta saman gari har kimanin kilomita 20. Kusa da ita akwai wani gini mai zagaye da dogon bene a tsakiya, Maspero ake kiransa. Hedikwatar rediyo da talabijin ta Masar ke nan. Dattawan da ke murɗa akwatin rediyo da dare a shekarun baya suna neman sashen Hausa na Rediyon Alƙahira, to ga gidan da ke riƙe da tashar.

Amma ni, abin da ya fi ɗaukar hankalina ƙaramin gini ne. Yana can ƙarshen kudu na tsibirin Rauda, da ɗan rufi mai tsini. Idan ba a nuna maka ba, za ka wuce shi. Sunansa Miƙyas, wato ma'aunin Nilu. An gina shi a shekarar 861, bisa umarnin Halifa Mutawakkil na Abbasiyawa. Yana cikin gine-ginen Musulunci mafi daɗewa da suka rage a Masar.

Yaya yake aiki? Rijiya ce mai matakala. A tsakiyarta akwai ginshiƙin dutse da aka yi wa zane-zanen awo. A da, ruwan kogi na shiga ta ƙananan hanyoyi. Duk shekara, idan damina ta sauka a duwatsun Habasha, Nilu kan cika ya yi ambaliya. Ambaliyar ce ke shayar da gonaki, ta bar musu baƙar laka mai taki. Ma'aikaci sai ya sauka rijiya ya duba ginshiƙi. Idan ruwa ya kai kamu 16, an yi murna, za a yi amfanin gona. Idan ya gaza sosai, ana tsoron yunwa. Idan ya wuce kima, ana tsoron ɓarna. Da wannan awon hukuma ke yanke harajin shekara. Ku duba fa: manomi ba ya biyan haraji cikakke sai kogi ya cika.

Yau babu wannan ambaliya. Tun da aka gama babbar madatsar Aswan a 1970, ruwan da ke isowa Alƙahira aunannen ruwa ne. Injiniya ke sakinsa. Shi ya sa otal-otal suka iya matsowa har bakin ruwa. Shi ya sa kuma jirginku ke tafiya lafiya lau, ko shayin da ke gabanka ba zai zube ba. Mai tsoron jiri ko amai, hankalinka ya kwanta. Kogi ne, ba teku ba.

Abu ɗaya da ba za ka gani ba: dalolin Giza. E, suna nan a hoton takardar talla. Amma suna can bakin hamada, kilomita da dama daga kogi, gine-gine sun tare. Masallacin Azhar ma yana cikin tsohon gari, ba a bakin ruwa ba. Kada wani ya sayar maka da tikitin dare da sunan za ka ga dala daga jirgi.

Masu saurare, idan yanzu kuka kama mu, muna birnin Alƙahira ne, a kan kogin Nilu, muna duba yadda baƙo zai ci abincin dare a jirgin ruwa ba tare da ya yi da-na-sani ba. Mun shiga kashi na uku: abinci da wasa.

Abincin galibi ɗebi-da-kanka ne. Wato an jera kwanuka a dogon tebur, ka ɗauki faranti, ka zuba abin da kake so. Wasu jiragen kuma kawo maka ake yi, kala bayan kala.

Bahaushe ba zai yi baƙunta sosai ba. Akwai shinkafa, akwai kaza, akwai gasasshen nama. Kofta niƙaƙƙen nama ne da aka mulmula a tsinke aka gasa. Tahina markaɗaɗɗen riɗi ne, ana dangwala gurasa a ciki. Idan ka ga miya kore shar mai yauƙi, suna ce mata mulukiya, to lalo ce. Bamiya kuɓewa ce. Jan abin sha da suke kira karkade, zoɓo ne. Kifin da suke kira bulti, karfasa ce. A ƙarshe sai kayan zaƙi: basbusa, kunafa, da Ummu Ali, wadda ake yi da madara da gurasa mai laushi da 'ya'yan itace busassu.

Hajiya mai ciwon suga, a yi hattara da teburin ƙarshen nan. Misirawa ba sa wasa da sukari. Wanda kuma aka yi wa aiki a asibiti kwanan nan, ya tambayi likitansa kafin ya fita. Akwai matakala a jirgi, akwai siririyar gadar shiga, akwai sanyi.

Gaskiya guda: girkin mutum ɗari biyu da aka dafa tun la'asar ba zai kai na ƙaramin gidan abinci a cikin gari ba. Ka ci mai zafi. Ka yi hankali da ɗanyen ganye da abin da ya daɗe a buɗe. Ruwa kuwa, na gora, wanda aka buɗe a gabanka.

To, sai wasa. Ku matso kusa da rediyo, don nan ne mutanenmu suka fi shan kunya.

Wasan jiragen nan kusan tsari ɗaya ne. Da farko makaɗa da mawaƙi. Za ka iya jin tsofaffin waƙoƙin Ummu Kulsum, mawaƙiyar Masar da ta rasu a 1975, wadda gidan tarihinta ke nan tsibirin Rauda, dab da ma'aunin Nilu.

Sai tannura. Namiji ne, sanye da faffaɗan buje mai launi-launi, mai nauyi. Zai fara juyi a wuri ɗaya. Ya yi ta juyi, minti 10, minti 15, ko fiye, bai tsaya ba, bai faɗi ba. Bujen ya buɗe, ya ɗaga shi sama da kansa, wani lokaci har da ƙananan fitilu a jiki. Asalin wasan daga juyin da Sufaye mabiya Jalaluddin Rumi ke yi ne wajen zikiri. Misirawa suka ƙara masa launi, ya koma wasan gargajiya. Yara na son sa ƙwarai.

Sai na uku, wanda mai talla bai cika faɗa wa Alhaji ba. Suna ce masa raƙs sharƙi, wato rawar gabas. Mace ce ke yin ta, tana kaɗa ƙugu, kuma sau da yawa shigarta ba ta rufe jiki ba. Takan bar dandamali ta bi tebur-tebur, ana ɗaukar hoto da ita.

Ku hango abin. Alhaji na zaune da rawani. Ga Hajiya, ga surukarsa, ga 'yarsa budurwa. Kiɗa ya canja, fitila ta juya. Alhaji ya rasa inda zai sa idonsa. Hajiya ta ce ƙasa-ƙasa: "Alhaji, nan ka kawo mu?" Ƙofa kuwa babu, jirgi na tsakiyar ruwa. Sai an dawo.

Ba zagin kowa nake yi ba. Al'adar nishaɗin wurin ce, an daɗe ana yi, kuma masu zuwa don ita suna nan. Amma kai ka san gidanka. Tambaya kafin biya: akwai rawar mata? Ƙarfe nawa ake yin ta? Ana sayar da giya a ciki? Wasu jiragen suna sayarwa, wasu ba sa sayarwa. Akwai jiragen iyali. Idan kuma ka riga ka shiga, ga mafita mai sauƙi: kiɗa na canjawa, ka kwashi iyalinka ku hau sama. Hau sama ka ga kogi. Dama shi ka zo gani.

Wanda tannura kaɗai yake so, ba sai ya hau ruwa ba. An yi shekaru ana yin ta a Wikalatul Guri, wani tsohon masaukin fatake da aka gina a farkon ƙarni na 16, taku kaɗan daga masallacin Azhar.

Sallah fa? A watan Disamba rana na faɗuwa a Alƙahira wajen ƙarfe 5. A tsakiyar bazara kuwa sai wajen ƙarfe 8. Ka duba lokacin tashin jirgi, ka duba lokacin Magariba. Abin da ya fi sauƙi, ka yi alwala ka yi sallarka kafin ka shiga. Jirgi na juyawa, wurin alwala ƙarami ne, ba kowane ne ke da wurin sallah ba. Daga Alƙahira alƙibla tana kudu maso gabas. Da azumi kuma akan sauya tsari, a yi tafiyar buɗa-baki, wasu har ta sahur.

Kashi na huɗu, kuɗi. Wannan ba zai ɗauke mu lokaci ba.

"Duk kuɗi ɗaya" da aka ce maka, ka warware shi. Abin sha yana ciki? Sau da yawa ba ya ciki, har ruwan gora. Motar ɗauka daga otal da mayarwa tana ciki? Haraji fa? A gidajen abincin Masar akan ƙara harajin kashi 14 cikin 100, da ladan hidima wajen kashi 12. Mai hoto zai zo ya ɗauke ku yana murmushi, daga baya ya dawo da hoton a kwali. Ba kyauta ba ne. In ba ka so, ka ce "la, shukran", wato a'a, na gode. Sai bakshish, ɗan ihsanin da ake ba ma'aikaci. Ka riƙe canji.

Kuɗin Masar fam ne, su suna ce masa gine. Darajarsa ta faɗi sosai a watan Maris na 2024, don haka farashin da wani ya faɗa maka daga tafiyarsa ta shekarun baya, ka ajiye shi gefe. Ka tambayi wuri biyu ko uku. Ka nemi sunan jirgin, da mashigarsa, da lokacin tashi, a rubuce. Ɗalibanmu na Azhar sun san gari, sun iya harshen kasuwa. In kana da ɗa ko ƙane a cikinsu, ka tafi da shi. Mai faluka kuwa, ku gama ciniki kafin ka sa ƙafa: nawa, na awa nawa, kuma kuɗin na jirgin ne gaba ɗaya ko na kowane kai.

Yanzu kashi na ƙarshe, kuma shi ne mafi nauyi: tsaron rai.

Mu ba baƙin hatsarin jirgin ruwa ba ne. Mutanen Bagwai a jihar Kano ba su manta da watan Nuwamba na 2021 ba, lokacin da jirgi ya kife da ɗaliban Islamiyya. Mutanen Patigi a jihar Kwara ba su manta da Yunin 2023 ba, lokacin da 'yan biki sama da 100 suka rasu. Allah ya ji ƙansu. Sai mutum ya ɗauka cewa a babban birni, cikin fitilu, irin wannan ba ta faruwa. Tana faruwa.

A watan Yuli na 2015, a yankin Warraƙ da ke arewacin Alƙahira, jirgin dakon kaya ya daki wani ƙaramin jirgin shagali da dare. Mutum sama da 30 suka rasu, da yawa mata da yara. A ranar 29 ga Mayu, 2019, a birnin Budapest na ƙasar Hangari, babban jirgi ya bugi ƙaramin jirgin masu yawon dare a kogin Danub. Mutum 35 ne a ciki, akasarinsu baƙi daga Koriya ta Kudu. Mutum 7 kaɗai suka tsira. Cikin daƙiƙoƙi jirgin ya nutse. A Landan ma, a watan Agusta na 1989, jirgin liyafa ya yi karo da jirgin yashe a kogin Tems, mutum 51 suka mutu.

Ku lura da abin da ya haɗa ukun nan. Dare ne. Ƙaramin jirgi ne da babba. Kuma ba igiyar ruwa ce ta kifar da su ba, karo ne. Ba don in hana ku nake faɗa ba. Jirage na fita kowane dare a Alƙahira suna dawowa lafiya. Ina faɗa ne don ku san abin dubawa.

Kana shiga, kafin ka nemi faranti, nemi rigar ceto. Ita ce rigar nan mai ruwan lemo da ke hana mutum nutsewa. Tambayi ma'aikaci: ina take? Akwai ta yara? Idan ya yi dariya, bar shi ya yi, amma ya nuna maka. Sannan dubi ƙofa. Daga kujerarka, ta ina za ka fita idan fitila ta ɗauke? Ƙirga da ido: tebur nawa tsakaninka da matakala?

Akwai ƙananan jiragen inji masu fitilu kala-kala da kiɗa mai tsage kunne, suna kiran fasinja a bakin titin gaɓar kogi. Suna da araha. Idan ka ga an cika shi maƙil, ana ƙara tura mutane, koma baya. Wani zai zo. Idan babu rigar ceto, koma baya. Faluka kuma, tunda ba ta da inji, ta fi daɗi da ido na ganin gari.

A bene na sama, yaro hannunsa a hannunka. Kada ya hau ƙarfen gefe. Kai ma babba, kada ka zauna a kan ƙarfe don ɗaukar hoto da waya. Ruwan yana kama da mai barci, amma yana tafiya, kuma da dare ba a ganin wanda ya faɗa.

Wani zai ce, wannan fa kogin Annabi Musa ne, bari in ɗan taɓa, in shafa a fuska, in kurɓa. A'a, Malam. Ruwan ya ratso garuruwa da gonaki da masana'antu kafin ya iso. Sannan akwai tsargiya, ciwon nan na fitsarin jini da ake ɗauka a ruwan da ke da ƙananan dodon koɗi. A nan Alƙahira, a asibitin Ƙasrul Aini da ke kallon tsibirin Rauda, wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ya gano tsutsar da ke kawo ta, a 1851. Masar ta yaƙi cutar, ta rage ta ƙwarai. Duk da haka, kogin nan na kallo ne. Ba na sha ba, ba na wanka ba.

A riƙi rigar sanyi. Daga Disamba zuwa Fabrairu, daren Alƙahira kan sauko wajen digiri 10, ga iskar kogi a kai. Tsoho da jariri ba za su jure benen sama ba sai da mayafi mai kauri. Tsakanin Maris da Mayu kuma akan yi iskar hamsin, mai zafi da ƙura. Ranar da ta taso, gari ya yi ja, a ɗaga tafiyar zuwa gobe.

Saura komawa masauki. Sahu na biyu kan sauke mutane wajen tsakar dare. Kafin ka fito daga otal, karɓi katinsu mai adireshi da Larabci, ka sa a aljihu. Idan da direba kuka zo, ku tsayar da wurin haɗuwa, ka riƙe lambarsa. Idan ta waya za ka kira mota, irin su Uber suna aiki a birnin. Sai dai lambobin motocin Masar da rubutun Larabci suke. Wanda ya yi makarantar allo zai gane baƙaƙen. Alƙaluman kuwa a duba su tun da rana: biyar ɗinsu zagaye ne kamar sifiri, sifirinsu kuma ɗigo ne. Ka daidaita lambar da ke wayarka da ta jikin mota, sannan ka buɗe wa Hajiya ƙofa.

Lokaci ya cim mana, masu saurare. Mai tambaya ya aiko, za mu karanta a shiri na gaba idan Allah ya kai mu.